Tankar Ruwan da Na Aika Manawashi

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan kina hutawa a wurin da babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Mu ma nan Gombe da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba. Jikokinki suna lafiya, wasunsu har sun fara furfura. Bayan gaisuwa, Mama, ƙorafi na kawo.

Na san ba ke kaɗai za ki ga wannan takarda ba. Masu leƙe su leƙa, na wuce shekarun jin kunya. Yanzu fa na girme ki, na zarce shekarun da kika yi a duniya, amma har yau in aka ambaci sunan Talatu kusa da naki sai in ɓata rai. Kishi ne, ba zan sake masa suna ba. Ni kika haifa, ni kaɗai na rayu cikin ’ya’yanki biyar, amma na ƙare ƙuruciyata ina takarar uwata da matar maƙwabci da kuma ginin majami’a.

Bari in fara daga inda bango ya tsage, tunda sai ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kin tuna yadda Baba ya taso da mu daga ƙasarmu ta Tangale, ya zo lebura a wurin gurzar auduga, muka sauka a unguwar Manawashi nan Gombe cikin ɗaki biyu na haya. Bai daɗe ba ya rasu. Kika kama dakau da sayar da itace, tafin hannunki ya yi kanta har ba ya jin zafin tukunya. Shekarar da aka sami ’yancin kai kika ɗora mini akwatin kwano a ka, kika sa ni a mota zuwa makarantar kwana. Daga can na wuce koyon aikin jinya. Shekara tara ina zuwa miki kamar baƙuwa, in yi sati uku in koma.

Ba na cewa kin yi laifi. Don ni kika yi, kuma na ci moriyarsa har na yi fansho. Sai dai da na dawo da farar hula da agogo a ƙirji, na tarar an zauna a wurina.

Talatu ce. Amaryar wani kafinta da ya kama ɗakin da ke kusa da namu, ’yar ƙasarmu, ta ɗan girme ni da shekara biyu. Marainiya ce, ke kuma ɗakinki ya yi shiru, to sai kuka dace. Ita ke yi miki kitso. Ita ta san wane ɗankwali kike ɗaurawa ranar Lahadi, wane ne na ranar taron zumuntar mata. In ƙaya ta shiga ƙafarki ita ke cirewa. Ranar da na fara jin kin ce mata ’yata, ina tsaye a bakin ƙofa da tsarabar sabulu mai ƙamshi a hannuna, ban san lokacin da na ajiye shi a kan turmi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dariyarku. Da yarenmu kuke hira, ni kuwa makaranta ta cinye mini rabinsa, can in an kama ka kana yare sai ka share fili. Ina jin kan maganar, amma kafin in kamo wutsiyarta kun riga kun fashe da dariya. In na ce me aka ce, sai ki ce ba komai, shirmen Talatu ne. Da ni sai Hausa, sai tambayar aiki da gajiya.

Sai ga shekarun da kuɗin mai ya shigo ƙasa. Aka yi wa ma’aikata ƙarin albashi, kowa ya sayi rediyo, wasu babur, mu kuma ni da maigidana muka sami gida a kwatas, muka sayi ƙaramar mota. Na ce to, lokacin karɓo uwata ya yi. Na gyara miki ɗaki, gado mai katifa, fanka a sama, famfo a tsakar gida ko da yake ranar da ya ga dama yake kawo ruwa. Na zo na kwashe ki daga Manawashi. Mutane suka yi ta sa mini albarka. A raina kuwa ba hutunki kaɗai nake lissafi ba, ina lissafin nisan da ke tsakanin kwatas da ɗakin Talatu.

Kin zauna, amma zaman mai jiran mota. Lahadi tun da safe kin shirya. Ranar zumunta kin shirya. Na ce ga babbar majami’a nan kusa da mu, mai benci da tagogin gilashi, kika ce ai can ba su san sunanki ba.

Majami’arku ta Manawashi, Mama, ke ma kin san ba abin kallo ba ce. Ginin ƙasa, rufin kwano duk ya yi tsatsa, ƙararrawa guntun ƙarfe ne rataye a jikin itace. Ga ta a bakin kwarin nan da ruwa ke ci kowace damina, kowa na gani yana matsowa, kowa na cewa sai baɗi a yi wani abu. Wata Alhamis cikin watan Agusta aka yi ruwa tun hantsi har la’asar. Kwari ya ci ƙasar da ke ƙarƙashin bangon gabas, bangon ya bi ruwa, rufin ya durƙusa. Allah ya taimaka babu kowa a ciki.

Da labari ya iso kwatas ina ganinki kika zame daga kujera kika zauna a ƙasa. Ranar da Baba ya rasu ina yarinya, amma na tuna ba ki yi irin wannan kukan ba. Na tsaya a kanki ina cewa gini ne fa, Mama, ƙasa ce da kwano. Kika ɗago kika dube ni.

Aka koma sujada a gindin darbejiya. Masu albashi da yawa suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa babbar majami’a, ba na zarginsu, ni ma can nake zuwa. Aka bar tsofaffi da leburori da mata masu goyo. Da damina ta wuce aka sami fili can sama nesa da kwari, Fasto da dattawan ikilisiya suka raba aiki yadda aka saba tun a gida: masu hali su kawo siminti, maza su buga bulo, mata su kawo ruwa.

Ruwa kuwa a Gombe da rani, wanda bai zauna garin nan a lokacin ba ba zai gane ba. Cikin kwarin da ya ci majami’ar kuke sauka, ku tona yashi har tsawon hannu, ku jira ruwa ya tsatso, ku kwasa da ƙoƙo a hankali kada ya gurɓace. Matasan mata su ɗauki garwa, ku tsofaffi ku ɗauki ƙaramin tulu. Ku hau gangaren nan a jere kuna waƙa, ku juye a duro, ku koma. Talata da Asabar.

Ni ma’aikaciyar jinya ce, na auna jininki da hannuna, na san abin da na gani. Shekara saba’in, gwiwa a kumbure. Na hana ki. Kika ce to. Washegari na dawo daga aiki na tarar da ɗakinki a share, babu ke. Talatu ta zo ta tafi da ke, a ƙafa.

Na bi ku a mota ranar nan, na tsaya daga nesa. Ina kallo ta naɗa miki gammo, ta ɗora miki tulun da bai fi kan jariri biyu ba, ta juye rabin ruwan a nata ba tare da kin lura ba, ko kuma kin lura kin yi shiru. Ta bi bayanki da tafin hannunta a gadon bayanki har kuka hau. Kina waƙa, Mama. Wata bakwai kina gidana ban taɓa jin kin yi waƙa da irin wannan muryar ba. Na zauna cikin motar nan ina zufa, ban san ko kuka zan yi ko ashar ba.

Da yamma na yi miki faɗa, da sunan likita. Kika bar ni na gama, kika ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a ce sai hannun saurayi ba. Sai kika ci tuwonki kika suɗe kwano, kika yi barci kamar an yi miki allura.

To a nan ne na yi abin da na yi.

Maigidana yana da aboki ɗan kwangila, cikin masu aikin sabbin titunan da aka yi ta shimfiɗawa a shekarun nan, yana da tankar ruwa. Na sa aka yi masa magana. Na ce a cika kowane duro da ke filin ginin, da babban ramin da suka shafe da siminti don tara ruwa, kuma a riƙa zuwa duk sati har a gama gini. Na gaya wa maigidana don Allah na yi. Na gaya wa kaina don gwiwarki na yi. Yau da babu wanda zan yi wa kwalliya, bari in faɗa miki: na yi ne don ki rasa dalilin zuwa wurin Talatu.

Ban gaya wa kowa ba, na so ya zama abin mamaki. Ranar Asabar na bi tankar a baya. Mun isa kuna can cikin kwari. Direba ya ja tiyo, kafin a ce me kowane duro ya cika yana tumbatsa, rami ya cika, maza suna tafi, yara suna tsalle cikin laka.

Sai ga waƙarku tana hawowa. Ke ce ta uku a layi. Kuka iso da tuluna a ka, babu inda za ku juye. Waƙar ta yi ta raguwa har ta mutu a bakin wata tsohuwa da ba ta ji sosai, ita ce ta ƙarshe da ta gane an daina. Kuka tsaya haka da kaya a ka, ba wanda ya ce ku sauke. Can kika taka zuwa gindin darbejiyar da kuke sujada, kika tsiyaye naki a saiwarta a hankali, sauran tsofaffin suka bi ki.

Ranar Lahadi na zo sujadarku, karo na farko cikin shekaru. Fasto ya kira sunana a gaban jama’a, aka tsayar da ni, aka yi mini addu’a. Mata suka yi ta kama hannunki suna cewa kin haifa, Mama Saratu, kin haifa. Kuma in faɗi gaskiya, mata masu goyo da gaske suke godiya, an sauke musu wahala. Ke ma kin ce Allah ya yi miki albarka. Da Hausa kika faɗa, da muryar da kike gode wa mai kawo itace. Na dubi Talatu ina jiran in ga ta sha kunu. Ba ni take kallo ba, ke take kallo.

Na sami abin da nake so. Talata ta zo kina gida, Asabar ta zo kina gida. Na saya miki rediyo ƙarami. Na soya miki hanta. Na auna jininki, ya sauka, na yi ta nuna wa maigidana lambar kamar sakamakon jarrabawa.

Jini ya sauka, ke ma kika bi shi. Loma uku ki ture kwano. Ki zauna a baranda tun safe kina kallon katanga, hannuwanki biyu a cinya, tafin a sama. Kika daina tambayar yau wace rana ce. Lahadi ma sai na tuna miki, ki je ki zauna a gindin bishiya ki dawo, kamar wadda ta je gaisuwar mutuwa. Wata rana na ji kina addu’a a ɗaki kina cewa Ubangiji, in aikina ya ƙare to ka sallame ni, kada in zauna ina cin abincin mutane.

Abincin mutane, Mama. Abincin ’yarki.

Na kai ki wurin likitanmu, ya duba ido, ya duba ƙirji, ya ce tsufa ne, a ba ki maganin ƙarin jini. Na ba ki na ruwa, na ba ki na ƙwaya. Na ji labarin cewa tsohuwar nan mai nauyin kunne ta tattara ta koma ƙauye wurin ɗanta, wata kuma ta kwanta ba ta tashi. Na san abin da na yi, ilimina bai kai ya ɓoye mini ba. Garin neman gira na kusa rasa ido, amma girman kai ya hana ni zuwa in ce a tsayar da tanka. Kuma in an tsayar, me zan ce wa mata masu goyo?

Sati na shida Talatu ta zo gidana da rana tsaka, ƙafarta fari fat da ƙura, ɗanta na uku a baya. Na ba ta kujera ta ƙi, na ba ta ruwan firji ta sha rabi. Na shirya mata amsa iri-iri in ta zo da gori. Ba ta ko kalle ni da maganar ba. Ta wuce baranda ta durƙusa a gabanki, ta fara magana da yarenmu, kuma a ranar, kamar da gangan, na gane kowace kalma.

Ta ce bulon da ake bugawa yana tsagewa. Tunda ruwa ya yi yawa maza sun rage kula, su kwara bokiti ɗaya a kai su tafi, rana ta gasa shi, in an ɗauka ya ruguje a hannu. Magini ya ce sabon bulo kamar jariri yake, sai an bi shi da yayyafi safe da yamma har kwana bakwai, kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya. Maza suna wurin neman abinci, matasan mata suna da garaje. Ana neman masu haƙuri.

Kika dubi hannuwanki. Sai kika ce a miƙo miki ɗankwalinki, ba wancan ba, na aiki.

Daga baya na ji cewa maganar magini gaskiya ce, amma bai ce sai tsofaffi ba. Talatu ce ta je wurinsa, ta je wurin Fasto, ta bi dattawa gida-gida har aka yarda a bar wa tsofaffin mata wannan aiki su kaɗai, kada wani ya taɓa. Matar da ba ta wuce ajin yaƙi da jahilci ba ta gano ciwonki ta kuma haɗa maganinsa, ni da takardar shaidata a jikin bango ina ɗura miki maganin ƙarin jini.

Ni na kai ki a mota, wannan dai kada a ƙwace mini. Safe da yamma, kafin aiki da bayan aiki. Ku bakwai ne, kowacce da ƙwaryarta da guntuwar tsintsiya. Ku tsoma, ku yarfa, ku matsa gaba. Kuna yi wa bulo magana kamar jikoki, wannan ya sha, wannan ƙishirwa yake ji. In wani saurayi ya zo wucewa ta tsakanin layi sai ku taso masa gaba ɗaya. Ruwan tankata kuke ɗiba, na yi ta gaya wa kaina haka ina zaune a mota, ruwana ne a ƙwaryar. Ba wanda ya tuna da wannan sai ni.

Ranar farko da kuka gama kika ce in tafi, za ki ɗan leƙa tsohon gidanmu. Da na dawo ɗaukarki na same ki a tabarmar Talatu, kwano tsakaninku, tuwon dawa da miyar kuka, babu ko nama. Kin cinye malmala biyu kina neman ƙari. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna, uwata ta dawo. Kuma a cikin murnar nan na ji kamar in kife kwanon.

Ba ki taɓa yi mini maganar tankar nan ba, ko sau ɗaya. Da kin zage ni da na huta. Na yi ta jira ki buɗe ƙofar in shigo da ban haƙuri, ke kuma wataƙila kina jira in ƙwanƙwasa. Haka muka yi ta gaisawa.

Damina biyu aka yi kafin a gama ginin. Ranar buɗewa kika ɗaura zanen zumunta, aka zaunar da ku bakwai ɗin nan a gaba, ko da yake kun koma biyar. Bayan an tashi na ga kin bi bango kina shafawa da tafin hannu, kina gaya wa Talatu wannan layin namu ne, wancan na sama ba mu muka shayar ba shi ya sa ya yi fari. Ni ina bayanku riƙe da jakarki.

Shekara guda bayan nan kika tafi, da bazara. A gidana, a gadon da na saya, ƙarƙashin fankata. Amma ina asibiti a lokacin, ina karɓar haihuwar wata baiwar Allah da ban ma san sunanta ba yanzu. Na bar ki da safe kina shan kunu. Talatu ta zo duba ki, kika ce ta ɗan tallafe ki, kanki yana juyawa. A cinyarta kika cika. Ita ta rufe miki ido, ita ta ɗaure miki haɓa, ni aka aiko a kira.

Na yi shekaru ba na yi mata magana sai gaisuwa. Ita kuwa duk Kirsimeti sai ta aiko mini da tuwo da miyar kuka, ni kuma in aika mata da atamfa mai tsada, don dai kada a ce ta fi ni.

Tsufa ne ya sasanta mu, ba hali ba. Maigidana ya rasu, yara suka watse Kaduna da Legas, na yi fansho, na zauna a baranda wata rana na ga hannuwana a cinya, tafin a sama. Na tashi na ɗauki mota na tafi Manawashi. Na shiga zumunta da furfurata, na zauna a benci na baya. Talatu ta waigo ta gan ni, ta matsa, ta buga wurin da ke kusa da ita da hannu. Shekara ashirin da wani abu ke nan muna zama a wannan benci, muna faɗa a kan wa ya ɓata waƙa.

Kuma ita kaɗai ta rage da ta san ki. In ina son jin labarin uwata sai in sayi goro in je wurinta. Ita ta gaya mini kina tsoron hawainiya. Ita ta gaya mini sunayen yayyena huɗu da suka mutu da inda aka binne kowannensu, abin da ban taɓa tambayarki ba. Kowane labari in karɓa da hannu biyu, in dawo gida ina jin haushi.

Mama, Talatu ta rasu ranar Laraba. Jiya muka binne ta.

A gidana ta yi jinya wata huɗu, ni na ɗauko ta, ni na yi ta juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Wannan karon ban je ko’ina ba. Kwana biyu kafin ta cika, da hantsi, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ce Rifkatu, ga ni zan je wurin Mama, me zan ce mata? Na buɗe baki. Maganar tankar nan tana nan a kan harshena, shekara kusan hamsin tana jira. Sai na ji na ce, ki ce ina gaisuwa.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce har yanzu ba ki yarda saƙonki ya bi ta bakina ba ko? Sai ta gaya mini abin da ban taɓa sani ba. Wai duk wasiƙun da na riƙa aiko miki daga makarantar jinya, ke ba ki iya karanta rubutun hannu ba, sai na Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe. Ita ke karanta miki, wata sau uku, wata sau biyar, har ta haddace. Duk kewar da na rubuta miki, duk alkawuran gida mai fanka, da muryar Talatu kika ji su.

To ga ta nan ta sake riga ni. Na san yanzu kuna zaune, kun baje yarenmu, kuna dariya, ni ina nan da maganin hawan jini safe da yamma. Ina kewarta har abinci ba ya shiga, kuma ina kishinta kamar ranar da na ajiye sabulu a kan turmi. Duka biyun gaskiya ne.

Ga saƙon da na hana ta. Mama, ki yafe mini tankar nan. Ba don Allah na aika ta ba, ba don gwiwarki ba. So nake ki zama tawa ni kaɗai, ban san yadda ake roƙon wannan da baki ba, sai na yi da kuɗi. Na kusa kashe ki da hutu. Na gode da ba ki tona ni a gaban mutane ba.

Ubangiji ya ƙara miki hutawa a gabansa. Ya saka wa Talatu da alherin da ni na kasa faɗa mata tana da rai. Ya riƙe tsofaffin da suka rage a bencinmu, ya ba kowannenmu ɗan aikin da zai tashe shi da safe, kada ’ya’yanmu su ƙaunace mu irin ƙaunar da na yi miki. In lokacina ya yi, ya kawo ni inda kuke, ya kuma wanke mini wannan zuciya kafin in iso. Amin.

Na san ba ki koyi karanta rubutun hannu ba kafin ki tafi, don haka na san wa zai karanta miki wannan ma. Talatu, ki karanta duka, kada ki tsallake inda na zage ki. In kin gama ki ɗan matsa, ni ce ’yarta.

Taki har abada,
autarki, Rifkatu